Turmi Na Shida

Kabo mahauci ne a Toranke ta ƙasar Ajingi, amma ba nama ne ya sa aka san shi ba. Shekara goma sha tara ya yi yana dambe, daga Gaya zuwa Wudil zuwa Dutse, har ranar da kafaɗarsa ta dama ta goce a wani wasan kaka. Daga nan ya kwance zaren dambe daga hannunsa ya koma kan teburin da ubansa ya bari. Abin da dambe ya bar masa shi ne ido. In aka fito fili, kafin makaɗi ya gama kirari Kabo ya gaya wa na kusa da shi wanda zai sha ƙasa, da turmin da zai sha ta. Da wayoyi suka yawaita samari suka fara nuna masa damben boksin, sai ya zamana can ma da wuya ya kuskure. Zai dubi ƙafar mutum, ya dubi yadda yake mayar da hannu bayan ya kai naushi, ya ce, "Wannan ba zai kai ƙarshe ba." Haka kuwa za a yi.

Yana da ƙanwa ɗaya, Hansai, a Kademi ta ƙasar Gaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gona da ɗa namiji guda, Mudassir. Kabo ne ya fara ɗaure wa Mudassir zare, shi ya koya masa tsayuwa. Da ya kai shekara ashirin wani koci a Kano ya gan shi, ya ce wannan hannun na boksin ne, ya sa masa safar hannu. Daga Kano sai Legas. Shekara takwas yana can, wasa goma sha huɗu, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A bana aka sa masa rana da mai riƙe da kambun ƙasa na ajin nauyinsu, wani ɗan Ilori da ake kira Sharfaddeen. Turmi goma sha biyu za a yi, kuma za a nuna a talabijin.

Saura wata guda wasan, Mudassir ya zo gida kwana biyu neman albarkar uwarsa. Rana ta biyu da hantsi ya hau babur ya zo Toranke gaida kawunsa. Suka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, Hanne matar Kabo ta kawo musu fura. Ta ajiye kwanon a gefen hagunsa, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana." Mudassir ya ɗan firgita, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya amsa. Kabo ya gani.

Da suka sha furar ya miƙe ya ce, "Tashi in ga abin da Legas ta koya maka."

Mudassir ya yi dariya ya tashi. Suka ja daga kamar yadda suka saba, hannu a buɗe, ba duka. Kabo ya kai masa da hagu, ya goce tun kafin hannun ya yi nisa. Ya sake, ya sake gocewa. Sai Kabo ya kawo damarsa, mai gocacciyar kafaɗar nan da ba ta da sauri ko kaɗan, ya zagayo da ita ta gefe. Tafin hannunsa ya sauka a kan kunnen Mudassir na hagu. Mudassir ko ƙiftawa bai yi ba sai da ya ji taɓin.

Kabo ya sauke hannu. "Tun yaushe?"

"Me, Kawu?"

"Kada ka raina mini hankali. Idon nan. Tun yaushe?"

Mudassir ya koma ya zauna a kan tabarma. Sannan ya ce tun kafin damina ne, a wajen atisaye wani ya same shi a gefen ido. Da farko walƙiya yake gani, daga baya sai ya zama kamar an saki baƙin labule daga gefe, kullum yana ƙara matsowa. Gabansa yana gani, amma abin da ya zo ta hagu sai ya iso.

"Likitan da ke duba ku fa?"

"Da ya ce in rufe na dama, na bar 'yar kafa tsakanin yatsuna."

"Kocinka?"

"Bai sani ba. Ba wanda ya sani. Ko matata Khaula da muke ɗaki ɗaya ba ta sani ba."

Kabo ya ce, "To ka fasa wasan nan."

"Kawu, shekarata ashirin da takwas. Shekara takwas ina jiran ranar nan. In na ce idona, an soke lasisina ke nan, ba za a sake kirana ba. Ka bari in ɗauko bel ɗin kambun, washegari in tafi asibiti a yi mini aiki. Wata ɗaya ne kawai." Ya kama hannun kawunsa da hannu biyu. "Ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba. Musamman Inna."

Kabo ya so ya ƙi. Amma ya tuna kansa a shekarun nan, ya san da shi ne da abin da zai roƙa ke nan. Ya rantse.

Bayan tafiyarsa Kabo ya sa aka tura masa wasannin Sharfaddeen guda biyar a waya. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya a bayan teburinsa, in ciniki ya lafa. Mutumin ba shi da sauri, ba shi da ado, amma yana da haƙuri. Turmi uku ko huɗu na farko yana lalube ne kawai, yana neman inda abokin karawarsa ba ya tsaro. In ya samu wurin ba ya barinsa. Kuma makaminsa dama ce mai zagayowa ta gefe, wadda ke sauka a hagun mutum. Kabo ya kashe wayar.

Lambar kocin tana cikin wayarsa. Sau biyu yana nemo ta, yana kallonta, yana mayar da wayar aljihu.

A lokacin gari ya riga ya ɗauka. An buga hoton Mudassir an manna a jikin motocin Kano da ke tashar Ajingi, 'yan acaɓa sun liƙa a tankunan baburansu. Mutanen Gaya na cewa ɗansu ne, mutanen Ajingi na cewa a ƙasarsu ya koyi dambe. Duk wanda ya zo sayen nama sai ya ce, "Kabo, yaya ka gani?" Shi kuwa sai ya ce, "Allah ya ba mai rabo," ya ci gaba da yanka.

Saura kwana goma, ranar kasuwar Ajingi, Muzammil ya zo. Matashi ne ɗan Gaya mai shafin wasanni a waya, yana yawo yana ɗaukar mutane yana ɗorawa. Ya tsaya a gaban teburin Kabo ya ɗaga waya, jama'a suka taru.

"Jama'a, ga Baba Kabo, mutumin da bai taɓa faɗa ta tashi ba. Baba, ɗanka ne, kai ka rene shi. A turmi na nawa zai kwantar da ɗan Ilori?"

"Ka ɗauke wayar nan, ina aiki."

"Haba Baba, kalma ɗaya."

"Na ce Allah ya ba mai rabo."

Wani daga baya ya ce, "Tsufa ne, idon ya tafi." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ai dama can cinta yake yi."

Kabo ya ajiye wuƙa. Daga baya ya sha tambayar kansa abin da ya sa ya buɗe baki. Wani lokaci yana cewa ya yi ne don maganar ta kai kunnen Mudassir, ko ya tsorata ya fasa. Wani lokaci kuma, in ya yi wa kansa gaskiya, ya san dariyar nan ce ta ci masa rai. Ya dubi wayar ya ce, "Mudassir ba zai ci ba. Uku na farko nasa ne. A na huɗu za a gano shi. A na shida zai faɗi."

Wurin ya yi tsit. Muzammil ya ce, "Baba, me ka gani?"

"Ka tambaye ni, na faɗa maka. Matsa, kana tare mini masu saye."

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye Gaya da Ajingi, kafin kwana biyu ya kai Legas. Aka ce hassada ce, don shi bai kai inda ɗan ƙanwarsa ya kai ba. Aka ce baki ya yi masa. Wasu da suka shekara ashirin suna sayen nama a wurinsa suka koma teburin gaba. A masallaci ana ba shi hannu, amma ba a tsayawa.

Rana ta uku Hansai ta zo da kanta a bayan ɗan acaɓa. Ba ta zauna ba, ko ruwan da Hanne ta kawo ba ta karɓa ba.

"Yaya, me yaron nan ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To me ka gani? In akwai abin da ka sani, ni na haife shi, ka faɗa mini."

Kabo ya dubi fuskarta, maganar ta zo masa har baki. Ya tuna rantsuwarsa. Ya ce, "Wancan ya fi shi ne kawai, Hansai. Dambe ne."

Ta gyara mayafinta. "Shi ɗaya gare ni. Ko da gaskiya ne, a bakinka ya kamata duniya ta ji?" Ta fita.

Da yammacin ranar Mudassir ya kira. Muryarsa ba hayaniya, kuma hakan ya fi yi wa Kabo ciwo.

"Kawu, na gani."

"Ban faɗi zancen idon ba."

"Na sani. Amma mutanen Sharfaddeen ma sun gani. A wajen atisaye kowa tsokanata yake yi da turmi na shida."

"Mudassir, ka ji ni. Har yanzu da sauran lokaci. Ka ce ka ji ciwo a hannu, a ɗaga wasan."

"Ba zan ɗaga ba. Kuma wallahi, Kawu, ko zan mutu a cikin igiyar nan, ba zan faɗi a na shida ba." Ya kashe.

Ranar Lahadi aka yi wasan, bayan la'asar. Kabo bai je gidan kallon Ajingi ba, ya hau mota ya tafi Gaya inda ya zaci ba za a kula da shi ba. An kula. Da ya shiga rumfar kwanon aka yi ta juyowa ana kallonsa. Ya samu ƙarshen benci a baya ya zauna. Zafi ya cika wurin, janareto na ruri a waje.

Uku na farko Mudassir ya yi abin da aka zo gani. Yana shiga yana fita, yana zuba wa Sharfaddeen hagu a fuska, yana zagayawa ta yadda abokin karawar zai tsaya masa a dama. Kowane naushi sai rumfar ta ɗauki ihu. Wani ya juyo ya ce, "Baba Kabo, kana gani?" Kabo yana gani. Yana ganin yadda ɗan Ilori ke jefa dama a hankali, ba don ta samu ba, don ya ga abin da za a yi mata.

A tsakiyar na huɗu damar ta zagayo ta sauka a kan kuncin Mudassir, bai ko ɗaga hannu ba. Sharfaddeen ya ɗan ja baya, ya dube shi, ya sake jefa ta. Ta sake sauka. Daga nan bai ƙara neman wani wuri ba. A na biyar gefen idon ya kumbura, ihun rumfar ya ragu.

A na shida, saura kamar minti ɗaya, damar ta same shi sosai. Ƙafafunsa suka naɗe, ya zube a jikin igiya ya kai ƙasa. Alƙalin wasa ya fara ƙirga. A cikin rumfar ba ka jin komai sai janareto. Kabo ya samu kansa a tsaye, yana magana da ƙarfi kamar za a ji shi a Legas: "Zauna. Zauna, ɗana. Ya isa. Kada ka tashi."

A bakwai Mudassir ya dafa igiya. A tara ya miƙe. Alƙali ya riƙe safofinsa ya dubi fuskarsa, ya gyaɗa kai, aka ci gaba. Da aka kaɗa ƙararrawa yana tsaye. Rumfar ta fashe da kabbara, samari suna tsalle a kan benci, wasu suna nuna Kabo da yatsa suna cewa, "Ƙarya ta ƙare! Na shida ya wuce!" Mudassir kuwa, kafin ya koma kusurwarsa, ya juyo wajen kyamara ya ɗaga safa ɗaya. Kabo ya san da wa yake.

Sauran turmi shida ɗin ba wasa ba ne, duka ne. Idon hagu ya rufe ruf, jini na bin kuncinsa yana sauka a ƙirji. Sau biyu likita yana hawowa yana dubawa, Mudassir yana girgiza kai yana cewa lafiyarsa lau. An ga kocinsa ya ɗauki tawul a na tara zai jefa a tsayar da wasan, Mudassir ya daka masa tsawa daga tsakiyar fili, kocin ya mayar. Tun daga na takwas ihu ya mutu a rumfar. Wani dattijo ya tashi ya fita yana cewa shi ba zai iya kallon wannan ba. Kabo bai fita ba. Ya ga kowace dama da ta sauka, har ƙararrawar ƙarshe.

Mudassir ya gama a tsaye. Alƙalai uku duka suka ba Sharfaddeen. Ana ɗaura masa bel, a gefen hoton aka ga mutum biyu sun riƙe Mudassir suna saukar da shi daga dandamali, ƙafarsa na ja.

A waje ana kiran magariba. Muzammil ya biyo Kabo da waya a hannu, sai kuma ya sauke ta. Ya ce, "Baba, ka ce zai faɗi a na shida, ya faɗi kuma ya tashi. Ban ma san ko ka ci ko ba ka ci ba."

Kabo ya wuce masallaci.

Sati uku Mudassir ya yi a asibiti a Legas. Likitocin suka ce idon hagu ya tafi, ba aikin da zai dawo da shi. Suka ce da an zo da shi wata biyu da suka wuce da an ceto shi, ko da a ranar wasan ma da an tsaya da wuri da akwai ɗan fata. Na dama ma ya taɓu, sai an lallaɓa shi: ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, ba shiga rana. Dambe kuwa ya ƙare. Khaula ce ta kawo shi Kademi, da jakunkuna biyu da ɗansu na goye.

Kabo ya je washegari. Hansai ta tare shi a tsakar gida, tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Ya faɗa mini komai," ta ce. "Ya ce tun zuwansa ka sani."

"Ya sa ni rantsuwa, Hansai."

"Rantsuwa." Ta ajiye rariyar. "Da ka karya ta, azumi uku ne ko ciyar da mutum goma. Ni da kaina zan dafa abincin. Na zo har gidanka na tambaye ka, ka dube ni ka ce dambe ne. Abin da zai cece shi ka riƙe, abin da zai tunzura shi ka faɗa wa kasuwa."

Kabo ya tsaya kamar an dasa shi. Duk abin da ta faɗa ya riga ya faɗa wa kansa.

"Yana ɗaki," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ɗakin da duhu, an rufe taga da zane. Mudassir na zaune a bakin katifa, ya jingina da bango, da baƙin tabarau a fuskarsa. Ya rame. Maganarsa ta ɗan yi nauyi, yana jan kalmomi.

"Kawu ne?"

"Ni ne."

Kabo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Suka gaisa. Sannan Mudassir ya ce, "Da na faɗi ɗin nan, ban san inda nake ba. Ina jin ƙirgar kamar daga cikin rijiya. Jikina ya ce in kwanta. Sai na tuna turmi na nawa ne."

"Na sani."

"Ba ina ɗora maka ba ne. Ni na ɓoye, ni na tashi."

"Ka ɗora mini, Mudassir. Rabona yana ciki."

Mudassir bai musa ba. Can ya ce, "Inna ta ce gyaɗa ta isa cira, ƙasa ta fara bushewa. Ni an hana ni sunkuyo."

"Zan zo gobe."

Ya zo da sassafe da fartanyarsa, ya bar teburin a rufe. Kwana tara ya yi yana zuwa daga Toranke, yana cira shi kaɗai, sai ranar da ya samu mutum biyu suka taya shi. Kafaɗar tana damunsa, yakan tsaya ya murza ta ya ci gaba. Da rana Khaula ke kawo masa abinci gona. Hansai ce ke dafawa, amma ba ta aiko da gaisuwa, shi ma bai tambaya ba.

A rana ta tara, yana tara kuɓewar ƙarshen gona da ta bushe a kara, Khaula ta ce masa an rubuta musu takardar ganin likitan ido a Kano ranar Laraba, kuma ba ta san gari ba. Kabo ya ce ta gaya wa Mudassir ya shirya da wuri, zai zo ya ɗauke su su kama motar farko. Ta ce to, ta kwashe kwanuka ta nufi gida, shi kuma ya ɗaure bakin buhu.